SANKARAR BAKIN MAHAIFA: LAMBAR BIRUS DA MAKOMAR MARAS LAFIYA

Daga cikin cututtukan da ke raba ƴaƴa da iyayensu mata a ƙasashen Afirka, sankarar bakin mahaifa tana sahun gaba. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mata kimanin dubu 660 suka kamu da ita a duniya, kimanin dubu 350 kuma suka rasu. Kashi 94 cikin 100 na waɗanda suka rasu ɗin matan ƙasashe ne masu ƙarancin hali da masu matsakaicin hali. A Nijar ita ce ta biyu a cikin sankarar mata, bayan ta nono. Ƙiyasin shekarar 2020 ya ba da mata sama da 600 da suka kamu a cikin shekarar, sama da 450 kuma suka riga mu gidan gaskiya.

Likitoci sun san mai haddasa wannan cuta. Wata ƙwayar cuta ce ƙanƙanuwa daga cikin jinsin da ake kira birus, sunanta papiloma, ana taƙaita shi da haruffa uku, HPV. To amma papiloma ba iri ɗaya ba ne. Dangi ne babba, kowane ɗan dangi da lambarsa: akwai 6, akwai 11, akwai 16, akwai 18, har abin da ya haura 200. Saboda haka tambaya ta taso a wurin masana: idan mata biyu suka zo asibiti rana ɗaya da ciwo ɗaya, ɗaya tana ɗauke da mai lamba 16, ɗaya da mai lamba 18, shin makomarsu ɗaya ce? Binciken shekaru talatin da ɗoriya ya nuna cewa lamba tana da abin faɗi. Ita ke gaya wa likita irin saurin da ya kamata ya yi da irin sa idon da ya kamata ya sa. Sai dai akwai abin da ya fi ta nauyi a ma'auni, shi ne matakin da cutar ta kai ranar da maras lafiya ta shigo ƙofar asibiti.

YADDA AKA GANO MAI LAIFI

Tun shekarar 1842 wani likitan Italiya mai suna Rigoni-Stern ya duba littattafan mutuwa na birnin Berona, ya lura cewa sankarar mahaifa ta fi yawa ga matan aure da zawarawa, ta yi ƙaranci ga matan coci waɗanda ba su aure. Wannan ya sa aka yi zaton wani abu ne ake ɗauka ta hanyar saduwa, amma aka shekara fiye da 100 ba a san ko mene ne ba. An tuhumi ƙwayoyin cuta iri-iri, kowace tuhuma ta rushe.

Wani masanin Jamus, Harald zur Hausen, shi ya tsaya kai da fata a kan cewa papiloma ne. A shekarar 1983 shi da abokan aikinsa suka ciro wani sabon iri daga cikin tsokar sankara, aka ba shi lamba 16. A 1984 suka ciro wani, aka ba shi lamba 18. Ana ba da lambobin ne bisa jerin ganowa, ba bisa girman sharri ba. A 1995 cibiyar binciken sankara ta OMS da ke Liyon, ƙasar Faransa, ta tabbatar da cewa waɗannan biyu suna haddasa sankara ga ɗan Adam. A 2008 aka ba zur Hausen kyautar Nobel saboda wannan aiki. Ya rasu a 2023.

KAMA DA WANE BA TA WANE

Maciji duk maciji ne, amma manomi ya san dafin kububuwa daban yake da na gamsheƙa, kuma akwai macijin da ba shi da dafi ko kaɗan. Haka dangin papiloma suke. Daga cikin iri sama da 200, kimanin 40 ne ke zama a al'aurar mace da ta namiji. Wasu, kamar 6 da 11, ƴan tsiro-tsiro kawai suke fitarwa a fata, masu ban haushi amma ba masu kisa ba. Guda 12 ne cibiyar Liyon ta jera a matsayin tabbatattun masu kawo sankara: 16, 18, 31, 33, 35, 39, 45, 51, 52, 56, 58 da 59.

Manya daga cikin waɗannan sun kasu gida biyu. Gidan farko masana na kiran shi alfa 9, mai gidan shi ne 16, tare da 31, 33, 35, 52 da 58. Gida na biyu shi ne alfa 7, mai gidan 18, tare da 39, 45 da 59. Ƴan gida ɗaya sukan yi kama da juna wajen hali.

A shekarar 2010 aka buga sakamakon wani babban bincike da masanan Barsalona, ƙasar Sipaniya, suka jagoranta. Sun tattara tsokar sankara ta mata sama da dubu 10 daga ƙasashe 38. A cikin waɗanda aka samu birus, mai lamba 16 ya ɗauki kashi 61 cikin 100, mai lamba 18 kashi 10, mai lamba 45 kashi 6. Ke nan 16 da 18 kaɗai ke da alhakin kashi 71 cikin 100.

Domin a gane bambancin gidajen nan biyu, sai an san yadda bakin mahaifa yake. Yana da fuska ta waje, wadda ungozomar asibiti ke iya gani da idonta idan ta duba. Yana kuma da ƴar siririyar hanya mai shiga cikin mahaifa, wadda ido ba ya kai wa ga cikinta. Fatar waje shimfiɗaɗɗiya ce, ta cikin hanyar kuwa mai fitar da yauƙi ce. Sankarar da ta tashi daga fatar waje ana ce mata karsinom epidermoyid, ita ce mafi yawa. Wadda ta tashi daga fatar ciki ana ce mata adenokarsinom. Mai lamba 16 yana cin kasuwarsa ko'ina, amma 18 da 45 sun fi son ɓuya a cikin hanyar nan. Binciken Barsalona ya samu 16, 18 da 45 a cikin kashi 94 cikin 100 na adenokarsinom masu birus.

YADDA BIRUS KE KWANCE BIRKIN JIKI

Jikin mutum an gina shi da ƙananan tubala masu rai, waɗanda ba a gani sai da madubin likita. Kowane tubali yana rabuwa biyu idan jiki na bukatar sabo, yana kuma dainawa idan bukata ta biya. A cikin kowannensu akwai rubutaccen umarni na halitta, wanda ake kira ADN, da masu tsaro biyu. Na farko, mai suna p53, idan ya ga tubali ya lalace sai ya tsayar da shi a gyara, in gyara ya faskara ya sa shi ya mutu. Na biyu, mai suna pRb, shi ne birkin da ke hana rabuwa barkatai.

Birus mai haɗari yana ƙera makamai biyu. E6 yana rusa p53, E7 kuma yana ɗaure pRb. Tubalin da ya rasa masu tsaronsa sai ya dinga rabuwa ba tsayawa, kurakurai na taruwa a cikinsa, har ya zama sankara.

Duk da haka, shigar birus ba ita ce kamuwa da sankara ba. Yawancin maza da mata da suka taɓa saduwa sun gamu da papiloma a wani lokaci na rayuwarsu ba tare da sun sani ba, kuma a cikin mutum 10, jikin 9 yakan kore shi da kansa kafin shekara 2. Wanda ya ƙi fita shi ne abin tsoro. Daga zamansa zuwa sankara yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20, ga mace mai raunin garkuwar jiki kuwa shekara 5 zuwa 10. Auren wuri, yawan haihuwa da shan taba suna ƙara masa ƙarfin guiwa.

A nan ma akwai bambancin hali. Da farko birus yakan zauna a cikin tubali kamar baƙo, ADN ɗinsa a ware. Daga baya yana iya cusa nasa rubutun a cikin rubutun mai gida, ya zama ɗan gida na dindindin, makamansa su yi ta fita babu ƙaƙƙautawa. Wani bincike na Amurka da aka buga a 2017 ya tarar da wannan cusawa a cikin dukan sankarar da 18 ya haddasa daga cikin waɗanda aka auna, a cikin ta 16 kuwa kashi 76 cikin 100.

KAFIN SANKARA TA KAMA

Wurin da lamba ta fi yin magana ƙarara shi ne kafin cuta ta tabbata. A birnin Fotlan na Amurka an bi lafiyar mata sama da dubu 20 har shekara 10, aka buga sakamakon a 2005. A cikin mata 100 da aka samu da 16 tun farko, 17 sun yi mummunan miki mai gab da zama sankara, ko sankarar kanta. A cikin masu 18, mata 14. A cikin masu sauran iri masu haɗari, mata 3. A cikin waɗanda ba a samu da birus mai haɗari ba, ko mace 1 ba ta cika ba.

Shekarun kamuwa ma sun bi lamba. Binciken Barsalona ya nuna cewa matsakaicin shekarun mace ranar da aka gano mata sankara shi ne 47 ga masu 45, 48 ga masu 18, 50 ga masu 16, ga sauran iri kuwa 55 da ɗoriya. Wato waɗannan uku sun fi saurin tafiya, suna kama mace tana tsakiyar renon iyali.

Akwai kuma wata matsala ta 18 da 45. Tun da a cikin hanyar mahaifa suke ɓuya, mikin da suke yi kafin sankara yakan kuɓuce wa gwajin ido da ake yi da ruwan binegir, yakan kuma kuɓuce wa gwajin shafa da likita Papanikolawu ya yaɗa tun 1943. Mace tana iya yin gwaji a ce mata lafiya lau, alhali ɓarna na gudana a inda ido bai kai ba.

BAYAN TA KAMA: 18 DA ƳAN GIDANSU

Labarin wata baƙar fatar Amurka, Henrietta Lacks, sananne ne a wurin likitocin duniya. A watan Satumba na 1950 ta haifi ɗanta na biyar a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimo, ba a ga kome a bakin mahaifarta ba, haka ma da ta koma awo bayan mako 6. A farkon 1951 ta dawo da ƙari. Likitoci suka ce sankara ce a matakin farko, aka yi mata magani da radiyom, wanda shi ne abin da ake da shi a zamanin. Ƙarin ya ɓace daga inda yake, amma cutar ta watsu a jiki kamar wutar daji. Ran 4 ga Oktoba na 1951 ta rasu tana da shekara 31. An yanki tsokar ƙarinta ba tare da an nemi izininta ba, aka raya ta a ɗakin bincike, kuma tubalan nan, da ake kira HeLa, har yau suna rabuwa a ɗakunan bincike na duniya. Bayan shekara 20 aka sake duba tsokar, aka gane adenokarsinom ce. Bayan shekara 30 da ɗoriya aka gano birus ɗin da ke ciki: mai lamba 18.

Mace ɗaya ba ta isa a kafa hukunci a kanta ba, don haka masana suka shiga ƙirga. A cibiyar Curie ta birnin Faris an bi mata 297, aka buga sakamakon a 1998. Bayan shekara 5 da magani, kashi 58 cikin 100 na masu 16 suna raye ba tare da cutar ta dawo ba, masu 18 kuwa kashi 38 kawai. Masu irin su 31, 33, 35, 52 da 58 ba a samu wadda cutar ta dawo mata ba a cikin wannan rukuni. A 2001 wani bincike a jahar Washinton ta Amurka, a kan mata 399, ya nuna cewa haɗarin mutuwa ga masu 18 ya ninka na masu 16 sau 2 da ɗoriya, kuma bambancin ya fi fitowa ga waɗanda cutarsu ba ta yi nisa ba. A Taiwan, a 2007, aka duba mata sama da 1000 da aka yi wa aikin fiɗa a matakan farko, nan ma 18 ya fito a matsayin alamar dawowar cuta. Likitocin Taiwan ɗin suka sake dubawa a cikin matan da aka yi wa gashi da haske, wato radiyoterapi, suka ga ƴan gidan alfa 7 sun fi taurin kai a kan ƴan gidan alfa 9.

Sai dai bakin masana bai zo ɗaya ba. Wasu bincike ba su ga wani bambanci ba. A 2014 ma wani bincike na ƙasar Sikotlan ya nuna cewa matan da ke da 16 ko 18 sun fi sauran tsawon rai. Dalilin saɓanin yana cikin yadda kowa ya raba rukuninsa. Wanda ya gwama 16 da 18 a ƙwarya ɗaya, halin 16 zai fi gani, tun da ya fi 18 yawa ninkin-ba-ninki. Wanda matansa duka sun zo a makare ba zai ga tasirin lamba ba, domin girman cuta ya rufe shi. Ga bambancin magani daga asibiti zuwa asibiti, ga kuma matan da ake samu da iri biyu ko uku a lokaci guda. Abin da mafi yawan sakamako ya karkata gare shi shi ne: sankarar 16 da ƴan gidansu ta fi jin magani, ta 18 da 45 ta fi saurin kai wa ga kaluluwa da saurin dawowa, musamman a matakan farko.

SANKARAR DA BA A SAMU BIRUS A CIKINTA BA

Mai karatu zai yi tsammanin macen da aka auna ƙarinta ba a samu birus ba ita ce mai sa'a. Abin ba haka yake ba. Tun 1990 masanan cibiyar Gustave Roussy, kusa da Faris, suka bi mata 106 masu cutar a matakin farko, suka ga cewa waɗanda ba a samu birus a ƙarinsu ba, haɗarin dawowar cuta a wurinsu ya ninka fiye da sau 2 da rabi, haɗarin watsuwarta zuwa sassan jiki masu nisa kuma sau 4 da rabi.

Ƙasar Suwed, wadda ke ajiye tsokar kowane maras lafiya da tarihinsa, ta sake gwada maganar a faɗin ƙasa. An auna ƙarin mata 2845 da aka gano wa cutar tsakanin 2002 da 2011. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna cewa kashi 74 cikin 100 na masu birus mai haɗari sun tsira daga cutar har shekara 5, waɗanda ba a samu ba kuwa kashi 54.

Masana suna ba da dalilai uku. Na farko, a sankarar birus mai tsaron nan p53 danne shi aka yi, tushensa na nan lafiya, saboda haka idan haske ko magani ya daki ƙari yana iya farfaɗowa ya taimaka a kashe shi. A sankarar da babu birus kuwa sau da yawa tushen p53 ɗin ne ya lalace. Na biyu, makaman birus baƙi ne a jiki, garkuwar jiki tana iya shaida su ta kai hari. Na uku, irin wannan sankara ta fi kama tsofaffi, kuma gwajin neman birus ba ya ganinta, don haka a makare akan gano ta. Wannan ya sa a 2020 OMS ta sake tsarin sunayen cutar, ta raba ta biyu: mai nasaba da papiloma da maras nasaba da shi.

LAMBA 35 DA MATAN AFIRKA

Yawan kowane iri yana sauyawa daga nahiya zuwa nahiya. A 2014 aka buga binciken da aka yi a asibitocin Gana, Najeriya da Afirka ta Kudu a kan mata 570 masu cutar. Mai lamba 16 ya ɗauki kashi 51 cikin 100, 18 kashi 17, 35 kusan kashi 9, 45 kashi 7. Abu biyu suka fito daga nan. Na ɗaya, 18 da 45, masu ɓuya da taurin kai, sun kai kusan rubu'in cutar a waɗannan ƙasashe, fiye da rabonsu a lissafin duniya. Na biyu, mai lamba 35, wanda a duniya baki ɗaya bai wuce kashi 2 cikin 100 ba, a nan ya hau matsayi na uku.

Wannan ya shafi rigakafi. Allurar farko ta fito a 2006, tana tsare mutum daga 6, 11, 16 da 18. Ta biyu ta fito a 2007, ta 16 da 18. Ta uku ta fito a 2014, ta ƙara 31, 33, 45, 52 da 58. Babu 35 a cikin ko ɗaya daga cikinsu. Duk da haka amfanin allurar ya tabbata: a Suwed, sakamakon 2020 ya nuna cewa ƴan matan da aka yi wa ita kafin shekara 17 haɗarin sankararsu ya ragu da kashi 88 cikin 100. A 2022 OMS ta amince allura 1 tak tana iya wadatar da yarinya, kuma a Oktoba na 2023 Najeriya ta fara yi wa ƴan mata masu shekara 9 zuwa 14. Allura tana hana birus shiga, ba ta fitar da wanda ya riga ya zauna, kuma tun da ba ta rufe kowace lamba ba, wadda aka yi wa ita ma tana bukatar gwaji idan ta girma.

Cutar sida tana ƙara dagula lissafi. Mace mai ɗauke da ƙwayarta ta fi sauran mata haɗarin sankarar bakin mahaifa sau 6, kuma sau da yawa akan same ta da iri fiye da ɗaya.

MATAKI YA FI LAMBA NAUYI

Likitoci sun raba tafiyar cutar mataki 4. A na ɗaya tana cikin bakin mahaifa kaɗai. A na biyu ta fara fita zuwa maƙwabta. A na uku ta kai bangon ƙugu, ko ƙasan farji, ko kaluluwa, ko ta toshe hanyar fitsari daga ƙoda. A na huɗu ta shiga mafitsara ko dubura, ko ta tafi huhu, hanta da ƙashi. Lissafin Amurka ya nuna cewa a cikin mata 100 da aka gano cutar tana wurinta, 91 suna tsira har shekara 5. Idan ta kai maƙwabta, kimanin 60. Idan ta watsu nesa, 19.

Tazarar da ke tsakanin 91 da 19 ta fi duk wata tazara da aka taɓa samu tsakanin lamba da lamba. Mace mai 18 da ta zo a matakin farko ta fi mace mai 16 da ta zo a na huɗu damar rayuwa nesa ba kusa ba. Shi ya sa tsarin matakai da ƙungiyar likitocin mata ta duniya, FIGO, ta sabunta a 2018 bai sa lambar birus a cikin lissafi ba. Da girman ƙari, da nisan tafiyarsa, da halin kaluluwa ake zaɓen magani: aikin fiɗa a matakin farko, ko gashi da haske haɗe da maganin sisplatin, wanda aka tabbatar da fa'idarsa a 1999.

A nan ne ciwon Afirka yake. Wani bincike da aka buga a 2020, daga rajistocin sankara na ƙasashe 11 na kudu da Sahara, ya nuna cewa kusan mata 2 cikin 3 a mataki na uku ko na huɗu aka gano su, kuma 1 cikin 3 kaɗai ta kai shekara 5. A Nijar an ɗauki matakai: an kafa rajistar sankara a Yamai a 1992, gwamnati ta zartar da dokar kula da sankarar mata kyauta a 2007, kuma a 2021 Cibiyar Yaƙi da Sankara ta Ƙasa ta fara gashi da haske a Yamai da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya, AIEA. Amma na'urar da ke Yamai ba ta amfanar matar ƙauyen Tasawa, ko Magarya, ko Madawa, idan ta shekara biyu tana zubar da jini tana ɓoyewa.

ABIN DA YA RATAYA A WUYAN KOWA

Amfanin sanin lamba ya fi yawa a wurin gwaji. A 2021 OMS ta ba da shawara cewa gwajin neman ADN na birus ya zama na farko, daga shekara 30, a maimaita duk shekara 5 zuwa 10. Ga masu ɗauke da ƙwayar sida, daga shekara 25, duk shekara 3 zuwa 5. Mace tana iya ɗaukar samfurin da hannunta, abin da ke rage kunya. Na'urar GeneXpert, wadda ƙasashen Afirka da yawa ke aiki da ita wajen gano tarin fuka, tana iya ba da amsa cikin kimanin awa 1, ta ware 16 daban, 18 da 45 daban, sauran daban. A ɗaya daga cikin hanyoyin da OMS ta tsara, wadda aka samu da 16 ko 18 ana duba ta a yi mata magani ba jira, ta hanyar ƙona mikin da zafi ko da sanyi, ko yanke shi. Wadda aka samu da wani iri sai a duba ta da binegir, in ba a ga miki ba ta dawo bayan shekara 2. Ta haka ƙaramin asibiti mai ma'aikata kaɗan zai san wadda zai fara kira.

Ran 17 ga Nuwamba na 2020 ƙasashen duniya suka sa wa kansu buri na shekarar 2030: a yi wa kashi 90 cikin 100 na ƴan mata allura kafin shekara 15, a gwada kashi 70 na mata a shekara 35 da kuma 45, a yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da ciwo magani. Cika wannan buri aikin hukuma ne, kuma aikin gida ne.

Alamun da ba a jira da su sanannu ne: jini bayan kwanciyar aure, jini tsakanin haila da haila, jini bayan mace ta daina haila, ruwa mai wari da ya ƙi tsayawa, ciwon mara ko na ƙugu mai naci. Duk wadda ta ga ɗaya daga ciki, hanyar gidan likita ko matarnite ta kama ta a makon nan, ba sai bayan kaka ba. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Magidanta su ma suna da kaso. Namiji yana ɗaukar birus ɗin nan ba tare da alama ba, yana kai shi daga ɗaki zuwa ɗaki. Samunsa a jikin mace ba shaidar lalata ba ce, domin yana iya kwanciya shekara da shekaru kafin gwaji ya nuna shi. Mai gidan da ya ba da izini da kuɗin mota ya yi rabin aikin likita. Shugabannin ƙungiyoyin mata, hakimai, limamai da malaman yaƙi da jahilci su ne bakin da jama'a ke saurare, ya kamata su riƙa faɗar maganar a fili. Masana sun yi nasu, sun ba kowane birus lamba sun bayyana halinsa. Ranar zuwa asibiti kuwa a hannun iyali take, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.